Ƙugiyar Kawu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na ji wannan kalma a bakin mutane ba adadi ranar da muka rasa Kawu, yayan mahaifiyata, amma ba ta shiga kaina ba sai da na ga kekensa jingine a bangon zaure, da ɗan ƙyallen da yake goge sirdi da shi a maƙale. Da hantsi ya cika, wata ranar Talata, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ni ina Ajingi, inda nake aure nake kuma koyarwa a firamare. Kafin in samu mota in iso Gaya, har maza sun dawo daga maƙabarta.

Cikin gida babu masaka tsinke, rabin matan ma ban san su ba. Wata Bafulatana ta durƙusa gaban matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta ce, "Ni fa ban taɓa ganinsa ba. Muryarsa na sani. Tare da 'ya'yana na koyi haɗa baƙi a rugarmu." Wata malama daga Kademi ta gyara murya sau biyu, irin yadda yake yi, ta ce, "To, jama'ar aji biyu, a buɗe kunne." Sai ga mata suna dariya a gidan makoki, kafin ka ce kwabo dariyar ta koma kuka. Wata ta tambaya ko akuyar nan da ake jin kukanta a darasin wasula tana raye. Malamar Kademi ta ce ita darasin da yaranta suka fi so shi ne wanda yake ba da labarin uwarsa ta yi masa faɗa, tsoho da furfurarsa. Na ji ta, ban dai sa maganar a raina ba.

Ni ko ɗigon hawaye babu. Mata suna ta cewa wannan akwai dauriya. Ba dauriya ba ce, tsoro ne. Shekara uku ke nan Kawu bai kira ni da sunan da yake kirana ba, kuma bakina ne ya jawo mini. Abin da ke cin raina shi ne ko yana fushi da ni ya tafi.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa faɗin sunana ba. Uwata yake ce mini. Tun ina rarrafe in na shigo zaure sai ya miƙe tsaye, ya ce, "A ba uwata wuri." Kowace kaka, tiyar farko ta gyaɗar gonarsa ta bayan gari tawa ce. Ba ya aikowa da ita. Sai dai ya aiko a ce in zo, don in ji shi, ɗa ba ya aika wa uwa kasonta da ɗan aike, da hannunsa yake miƙa mata.

Malamin Hausa ne, kuma duk wanda ya zauna a ajinsa a Gaya abu ɗaya zai fara gaya maka: ƙugiya. Wato ɗan lanƙwasan nan da ke kan ƙ da ɗ da ɓ. Kawu zai yafe maka latti, zai yafe maka farce mai tsawo, amma ka rubuta ƙasa babu ƙugiya, to ka taro aradu da ka. "Ƙasa kake takawa," in ji shi. "Kasa kuwa maciji ce, taka ta ka gani." Kullum akwai jar biro da guntun alli a aljihunsa na gaba. Katin ɗaurin aurena ma sai da ya dawo mini da shi da jan gyara uku. Akwai ranar da ya tsai da wani mai adaidaita sahu a bakin tasha, mutumin ya ɗauka fasinja ne, ashe rubutun bayan keken ne ya dame shi. Ya zaga, ya sa wa haƙuri ƙugiyarsa da alli, ya ce, "Yanzu ka yi haƙuri. Je ka." Tela na unguwarsu kuwa shekara da shekaru allonsa yana cewa dinki, sai da Kawu ya daina kai masa yadi sannan ya gyara.

Da ya yi ritaya, muka ce tsoho zai huta. Ina. Ya ga a makarantun ƙauye yara goma ke leƙen littafi ɗaya, wasu malaman kuma an turo su koyar da Hausa ba su taɓa koyon yadda ake koyar da ita ba. Sai ya sa babban ɗansa ya sayo masa waya, ya fara ɗaukar darussan karatu da muryarsa, daga aji ɗaya zuwa aji uku. A tsohon ɗakin ajiyar hatsi yake shiga da safe, ya rufe ƙofa da buhu don hayaniya, amma akuyar Inna ba ta san da wannan doka ba. Kowane darasi sai ya gyara murya sau biyu kafin ya fara. Malami zai sa darasin a 'yar rediyo mai cin memori, ya rubuta kalmomin a allo, yara su bi muryar Kawu.

Mai raba darussan shi ne mai cajin waya na bakin kasuwa, magidanci ne, tsohon ɗalibin Kawu, yana da wata tsohuwar kwamfuta a rumfarsa. Malamai su kawo memori ko waya ya zuba musu. Ɓangaren Ajingi kuma ni ce. In na zo Gaya in kwasa, in na koma malamai su zo in tura musu.

A nan ƙugiya ta fara yi mana aika-aika. Kawu da kansa yake sa wa kowane darasi suna, kuma sai da ya sa aka nemo masa allon rubutu mai ƙugiya a wayarsa. A tasa wayar komai tsaf. Amma yawancin malamanmu ƙananan wayoyi gare su, masu madannai, kuma waɗannan ba su san ƙugiya ba. In sun gamu da ita sai su zana ɗan akwati a gurbinta, wasu su ƙi buɗe darasin gaba ɗaya. Akwai darasi mai suna Ƙaya, akwai mai suna Ɗaya. A ƙaramar waya duka biyun sai su fito ɗan akwati da aya. Wayar ta ɗauka abu ɗaya ne, ta tambaya ko a maye gurbi, malami ya danna e, shi ke nan Ƙaya ta cinye Ɗaya. Wani malami a ƙauyen kusa da mu ya rubuta kalmomin ƙirga a allo, ya kunna rediyo, sai ga Kawu yana ba yara labarin ƙayar aduwa. Ni suke zuwa wa da ƙorafi, tun ina ba da haƙuri har na gaji.

Ranar Asabar malamai kan taru a ƙofar gidan Kawu, a inuwar darbejiya, yawancinsu ɗalibansa ne na da. Wata Asabar na zo da zafina daga mota. Da na ja shi gefe, da na shiga wurin Inna na jira, da ba a yi haka ba. Amma ni na gaji bakin kakata tare da sunanta. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, a cire ƙugiyar nan daga sunayen darussa."

Ya yi murmushi. "Uwata, in na cire ta, ƙaya ta zama kaya. Wa ya taɓa taka kaya ya yi ɗingishi?"

Malamai suka yi dariya. Dariyar ce ta tunzura ni. Na ce, "Ai ba abin dariya ba ne. Wannan ƙugiyar taka ita ta maƙale yara ta hana su karatu. Kai dai a ce ka iya, su kuma ko oho."

Na ga hannunsa ya kai kan aljihun biro, ya dawo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan yaran mutane, na ce masa ko oho, a gaban waɗanda ya koya wa riƙe fensir. Ya dube ni, ya ce, "To, Malama. Mun ji."

Malama. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Maimakon in dawo in durƙusa, sai na ƙara da wata. Na koma Ajingi na zauna na canza sunayen duka da kaina, na tsige kowace ƙugiya, ban gaya masa ba. Na ɗauka na yi maganin abin. Ashe na ƙara dagula shi ne. Darussa suka zama gida biyu, na Gaya masu ƙugiya da na Ajingi marasa ita. Malaman da ke tsakani suka riƙa kwasar nan da can, memori ya cika da abu ɗaya sau biyu, wani ya ce yana da Kaya amma ba shi da Ƙaya. Ni kaina sai na rasa wanne ne wanne.

Bayan kamar wata biyu, ranar kasuwar Ajingi, maigidana ya dawo ya ce ya hango Kawu a layin 'yan hatsi, zaune a kan buhu tun safe, yana kallon 'yan dako suna loda mota. Na ce ba shi ba ne, me zai kawo shi? Ashe shi ne. Ana gab da tashi daga makaranta sai ga shi a ƙofar ajina, ya sauko daga acaɓa, gefen rigarsa duk ƙaiƙayi. Ya miƙo mini takarda.

"Malama, na je na yi karatu wurin 'yan dako," ya ce. "Cikinsu akwai wanda bai san bihim ba, amma ban ga wanda ya kai buhun wani motar wani ba. Ba sa karanta suna. Lamba suke dubawa a jikin buhu. To mu ma haka za mu yi. Lamba a kan buhu, suna a cikin buhu."

A takardar ya tsara komai. Kowane darasi lamba uku gare shi: aji, zango, sati. Na aji biyu, zango na ɗaya, sati na huɗu, sunansa biyu-ɗaya-huɗu, da harafi guda a gaba, K in karatu ne. Babu wayar da ba ta san lamba ba. Sunan darasin na gaskiya kuma, da ƙugiyarsa da komai, shi zai faɗa da bakinsa a farkon sautin, ya ce malami ya rubuta a allo. Bai ce na yi gaskiya ba, bai ce na yi laifi ba. Na ce ya zo gida ya ci abinci, ya ce mai acaɓa na jiransa.

Daga nan abin ya bunƙasa fiye da yadda muka zata. Wani malamin lissafi a Kademi ya fara ɗaukar nasa darussan, ya sa L a gaba, ya bi lambar Kawu. Wani malamin makarantar 'ya'yan makiyaya ya yi nasa da Fulatanci, shi ma a kan lambar. Duk inda malami ya je, in ya ce yana neman K uku-biyu-bakwai, an san abin da yake nufi. Doka ɗaya Kawu ya ƙara. Inna tana da wata tsohuwar waya da aka ɗaure da robar ƙulli don kada batirin ya faɗo. Ita ya naɗa alƙali. Duk darasin da aka kawo, ko na wane ne, sai an fara sa shi a wayar Inna. In ya buɗe ya yi magana, ya wuce. In ya ƙi, a mayar wa mai caji ya juya shi a kwamfuta. Wani saurayin malami mai babbar waya ya taɓa cewa ai tasa ta fi fitar da sauti. Kawu ya ce, "Taka ta fi, amma ɗan da ke Kademi ba a taka zai ji ba. Kai wa alƙali." Inna kuwa har ta saba, in an kawo sabo sai ta goge hannu a zani, ta ce, "A kawo mai laifin."

Ni dai ina nan Malama. Mahaifiyata ta yi ta ce mini, "Ki je ki durƙusa, ba ya cizo." Na ce zan je. Wani ɓangare na zuciyata yana cewa ai ni ke da gaskiya, me zan roƙa? Wani kuma kunya ce kawai. Sai na riƙa zagaye. Na kai masa man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ya ce, "An gode, Malama." Na ɗinka masa hula, ya sa ta ranar Juma'a, ya ce, "Malama ta yi ƙoƙari." Kaka ta zo ta wuce, ba a aiko a ce in zo karɓar tiya ba. Wata ta sake zuwa, shiru. Na ce wa kaina akwai lokaci, tsohon da ke hawa keke zuwa gona ai ba yanzu ba.

Washegarin rasuwar, Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wayarsa. A kwanakin jinya ta faɗa cikin bokitin ruwa. An shanya ta a rana, an kai wa mai caji, babu abin da ya fito, memorin ma ya ƙi buɗewa. A nan ne kaɗai darussan suke cikakku, don kowa abin da ajinsa ke buƙata yake ɗauka, mai caji kuma in kwamfutarsa ta cika sai ya goge na baya. Ni ma nawa da giɓi, na sha goge wasu don wuri.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, mai caji ya miƙe a ƙofar gida ya ce duk malamin da ke da wani abu na Malam a wayarsa ya kawo. Ya ɗauko kwamfutarsa ya ajiye a zaure. Aka riƙa miƙo wayoyi, masu fasasshen gilashi da masu ɗaurin roba, har da memori ƙulle a bakin mayafi. Bafulatanar nan ta dawo da 'yar rediyonta. Ina kallo lambobin suna shiga sahu da kansu, na Kademi yana cike giɓin na Ajingi, na ruga yana cike na Gaya. Kafin la'asar babu satin da ya rage babu darasi. Mai caji ya share ido da hularsa, ya ce, "Malam ya san abin da yake yi."

Sai ya juyo gare ni. "Malama, saura abu ɗaya. Sai an saurari farkon kowanne, a tabbata abin da ke cikin buhu shi ne a jikin lamba. Ke ke da takardar."

Na zauna a tsohon ɗakin hatsi da takardar da ya ba ni a ƙofar aji, da wayar Inna. Ya gyara murya sau biyu, ya faɗi suna, in duba, in wuce. A nan na gane wani abin kunya. Shekara uku ina raba darussan nan, amma aji biyar nake koyarwa, ban taɓa zama na saurari ko rabinsu ba. Lamba kawai nake dubawa in tura. Akwai kuma ɗaya da da gangan nake tsallakewa, K biyu-uku-tara, don na ga sunansa a takarda: Baƙaƙe masu ƙugiya. Na ɗauka in na buɗe, habaici zan sha. Yana cikin wayata tun ranar da ya fito, na tura wa malamai ba adadi.

Na danna.

"To, jama'ar aji biyu, a buɗe kunne. Yau darasinmu ƙugiya. Kafin mu fara, in gaya muku wani abu. Da, a kan darussan nan nake rataya ƙugiyata, tana maƙale su a hanya ba sa isowa gare ku. Uwata ce ta zo ta yi mini faɗa a gaban mutane. Na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma uwa ba ta faɗa a banza, ita ta fi ni gaskiya. Uwata, in kin ji wannan, ki zo ki karɓi gyaɗarki, tana nan na ajiye miki. To, malam, rubuta ƙaya a allo."

Kukan da ya ƙi zuwa kwana uku a lokacin ya zo. Ban san Inna ta shigo ba sai da na ji hannunta a kafaɗata. Na ce, "Inna, kin sani?"

"Ba a wayata aka yi masa shari'a ba?" ta ce. "Na ce bari in gaya miki, ya hana. Ya ce ranar da kika buɗe buhun za ki zo da ƙafarki. Duk ranar da kika shigo gidan nan sai ya dubi fuskarki, in kin fita ya ce, ba ta buɗe ba tukuna."

Na ce, "Gyaɗar fa?"

"Duk kaka yana auna tiyar ya ƙulle daban. In damina ta faɗi ba ki zo ba, sai ya ɓare ta ya shuka. Wadda ake cira yanzu a gonar bayan gari, duk taki ce."

Darussan yanzu suna wuri uku, a Gaya da Kademi da Ajingi, kowanne da lambarsa, kuma alƙali na nan da robarta a hannun Inna. Na nemi a mayar da ni aji biyu. In sati na tara ya zo a zango na uku, yara suna dariyar tsohon da uwarsa ta yi wa faɗa, ni kuma ina juya baya in rubuta ƙaya a allo, in daɗe a kan ƙugiyar. Ban taɓa gaya musu ko wace ce uwar ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa kowane harafi da yaro ya koya daga muryarsa ya zame masa haske. Ya ba Inna da mu duka haƙurin rashi, haƙuri mai ƙugiya. Kawu, na buɗe buhun. Na zo a makare, amma na zo, ka yafe wa uwarka.